Ranar Arfa da Dish Ɗinmu Ya Cije

Shekarar da Inna ta tafi aikin Hajji, yayana ya sayo injin juya dish daga Kano. Ya ɗaura shi a ƙarfen da ke kan rufin gidanmu a Rogo Sabon Gari. Da ka danna rimot sai dish ya juya da kansa, ya bar wannan tauraron ɗan'adam ya kama wancan. Baba bai damu da kallo ba, amma ya ce ranar Arfa a kamo masa tashar Saudiyya, ko Allah zai sa ya hango Inna.

Ranar, bayan azahar, hadari ya haɗo daga gabas. Baba yana azumi, ya zauna a tabarma dab da talabijin. Na danna rimot. Muka ji injin yana gurnani a sama, sai ya yi ƙara ya tsaya. Hoto ya ɗauke gaba ɗaya.

Yaya ya ɗauki sifana ya jingina tsani.

"Kada ka hau, ga walƙiya," in ji Baba.

"Yanzu zan sauko, Baba."

Ya hau. Na tsaya a taga, ido ɗaya a talabijin, ɗaya a sama. Iska ta fara kaɗa kwanon rufi. Ya ƙwalo mini cewa waya ce ta naɗe a wuyan injin, sai ya kwance noti ya juya dish ɗin da hannu.

"Ya kawo?"

"Bai kawo ba, Yaya!"

Aka yi wata tsawa da ta girgiza taga. Sifana ta gangaro kan kwano ta faɗo tsakar gida. Na kira Yaya, shiru. Baba ya miƙe yana salati, ya fita cikin yayyafi ba takalmi, ya riƙe tsanin da hannu biyu.

"Sauko! Na yafe kallon!"

A lokacin hoto ya bayyana: dutse, da fararen harami ko'ina. Na yi ihu na ce ya kawo. Sai ga ƙafar Yaya tana laluben matakin tsani. Ashe kwanciya ya yi a kan rufin da ya ji tsawar, hannunsa na tallafe da dish.

 Baba ya koma tabarma da jiƙaƙƙiyar riga, yana bin fuskokin mata ɗaya bayan ɗaya. Bai ga Inna ba. Da ruwa ya kece, iska ta ture dish ɗin, hoton ya sake ɗaukewa, Baba ya ce a kashe janareta.