Wadda Ban Kira Inna Ba

Jikokina suna yi mini tsiya wai ba a faɗin kalma a gabana in bar ta ta wuce lafiya. Ba su yi ƙarya ba. Haka nake tun ina yarinya a Garki, lokacin Garki ƙauye ce tsakiyar gonakin doya da dawa na Gwarawa, in an ce Abuja kuwa garin da yau ake kira Suleja ake nufi. Kakata ta wajen uba ce ta raine ni. Ƙosai take toyawa ranar kasuwa, ni ke miƙa wa masu saye, kuma ita nake kira Inna.

A bakin kaskon nan na gane kalmar ba tamu ba ce mu kaɗai. Wani Ibo mai sayar da kananzir da ashana ya ji na ƙwala, "Inna, ƙullu ya ƙare!" sai ya kama ciki yana dariya. Wai a wajensu "nna" uba ne. Daga ranar in ya zo saye sai ya ce in gaishe da babana mai zane. Bayarabiya mai atamfa ta ce su kuma "ina" wuta ce, ta ƙara da cewa sunan ya dace da tsohuwar, don kakata akwai faɗa. Banufiya mai busasshen kifi ta ce kada in saurare su, "nna" uwa ce, a Nufe ma haka ne. Malaminmu ya ce a cikin Alƙur'ani "inna" na nufin lallai, babu shakka. Ga kuma Innar da ake cewa ta shanye ƙafar ɗan maƙwabtanmu, wadda ba a son ambatonta. Fulani kuwa cewa suke kalmar tasu ce, aro muka yi. Kakata ta ce kai, Bafillace da son kankane abu! Ni dai ina ta tara su kamar duwatsun carafke, ina burga da su wajen sa'o'ina.

A tsallaken hanya, ƙarƙashin ɗorawa inda matan Fulani ke jera ƙoren nono, akwai wata doguwar mace mai wushirya. Ita ta haife ni. Aurenta da babana bai yi ƙarko ba. Da aka yaye ni aka miƙa ni ga kakata, ita kuma ta koma rugarsu ta bayan Utako ta sake aure. Ni ce 'yar farinta, kuma a lokacin ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallona a gaban mutane, in na gaishe ta sai ta amsa wa ƙwaryarta. Ni ma an koya mini in kau da kai. Amma duk ranar kasuwa sai mun tarar da curin man shanu a naɗe cikin ganye a gefen murhunmu, ba wanda ya ga mai ajiyewa. Akwai wata 'yar ƙaramarta da ke maƙale da zanenta tana "Inna, Inna" ba gajiya. Wallahi na tsani yarinyar nan, alhali ba ta yi mini komai ba.

Na fara zama budurwa sai ciwon sammore ya shiga shanunsu, aka ce rugar za ta tashi zuwa gabas, can kan tsaunuka inda babu ƙudan tsando. Ranar kasuwarsu ta ƙarshe ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsallako hanya, ta durƙusa gaban kakata ta gaishe ta, ta ce, "Kaya sun yi mini yawa. A ba ni aron yarinyar nan ta kai ni rafi." Kayan nan ƙore ne babu komai ciki, ko yaro zai ɗauka. Kakata ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Je ki."

Tana gaba ina baya da rabin kayan. Da muka isa rafi ta sauke kayanta, ta waiga hagu da dama, sannan ta dube ni sosai, ido cikin ido. Ashe idanuna irin nata ne, ban sani ba sai ranar.

Ta ce, "Babu kowa a nan."

Na ce, "Eh."

"In ba na kusa, me kike ce mini?"

Kaico! Ni da na san abin da Ibo da Yarabawa da Nufawa da Larabawa ke nufi da kalmar nan, sai na buɗe baki na faɗi gaskiya. Na ce, "Mai nono."

Ta yi 'yar dariya ta ce, "To, ba ki yi ƙarya ba." Ba ta ɗauki kayan ba. Ta gyara gammo, ta kwance shi, ta sake naɗawa. Jira take, kuma na san jira take, ba zan ce yarinta ta hana ni ganewa ba. Kalmar tana bakina. Amma sai na ji kamar in na faɗa na ƙwace wa tsohuwar da ta goya ni abinta, ga kuma haushin shekarun da take amsa wa ƙwarya gaisuwata. Na ɗora mata kaya na ce, "Allah ya sauke ku lafiya." Ta ce amin, ta shiga ruwa.

Da na koma kakata ta tambaye ni me muka ce, na gaya mata. Ta ce, "Madalla da 'yar halak! Haka ake kunya." Har maƙwabta ta ba labari tana yabona. Bayan 'yan damuna wani makiyayi da ya dawo daga gabas ya tsaya a bakin kaskonmu ya yi mana ta'aziyyar mahaifiyata. Zazzaɓi ne, in ji shi, ba ta daɗe tana jinya ba.

Ba wanda ya taɓa ɗora mini laifi, shi ya sa abin ya ƙi barina. Da na haifi ɗan farina, sunansa nake kira da ƙarfi a tsakar gida, surukata tana salati wai ba ni da ta ido. Na ce a bar ni da rashin kunyata. Da ya fara magana 'yan gidan suka shiga koya masa ya ce mini Inna, na hana. Ya ce Mama, ya ce Umma, ya ce duk abin da ya ga dama. Wancan suna kam na wata ne, na bar ta tsaye a bakin rafi tana jiransa.