Bakin Babikir da Kaset na Sha Bakwai

Shekara ashirin da shida na yi ina aikin mu'aƙƙib a Madina, amma ranar da ta ƙi barin kaina ita ce Alhamis ɗin da Usta Babikir ya buɗe baki ya kusa kore iyalinsa daga ƙasar nan. Tunda ku 'yan yanzu komai a waya kuke yi, bari in faɗa muku mene ne mu'aƙƙib. Shi ne wanda ke saƙale takardun kamfani a hammata yana bin ofisoshi, ya sha layi, ya sha tsawa, ya dawo da hatimi.

A farkon shekarun 1400 na Hijira ina aiki da wani kamfanin 'yan Japan da ke shimfiɗa bututun ruwa. Da yake ba Musulmi ba ne, sansaninsu yana bayan iyakar Harami, ba su shiga gari. Ni ne ƙafarsu. Kullum da safe in tashi daga gidanmu a Harra ta Gabas, in biya gidan waya, in biya ofishin fasfo, in sayo musu kabeji da kifi, sannan in nufi sansani.

Shugabanmu, wanda muke kira Mudir, wani ɗan gajeren injiniya ne mai tabarau, bai yarda da komai ba sai abin da aka auna. An taɓa kawo sabuwar tankar ruwa, wani ya yabe ta bai ce masha Allah ba, ranar taya ta fashe. Direbobi suka ce kambun baka ne. Mudir ya yi dariya har da cire tabarau, ya tara mu a rana ya yi mana lacca kan iskar taya, yana kaɗa mana ma'auni a fuska kamar yau muka fara ganin mota. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abu ɗaya ke raba Mudir da hankalinsa, besbol. Matarsa tana naɗar masa wasannin ƙwararrun ƙasarsu a kaset ɗin bidiyo, ta ɗaure kowane kaset da jaridar da ta ba da labarin wasan, ta aiko. Kafin ya iso an yi sati uku. Doka ita ce in kulle jaridar a durowata, kada kowa ya buɗe sai an gama kallo. Ranar Alhamis bayan abincin rana ake kallon a ɗakin cin abinci, kuma an yarda mu zauna a baya.

Wasan ba shi da wuya idan an zauna da shi. Mutum ɗaya ya jefa ƙwallo, wani ya tsaya da kulki zai doke ta, idan ya doke ta ya ruga ya bi tashoshi huɗu. Idan ya kuskure sau uku ya fita. Zagaye tara ake yi. Duk darajar wasan tana hannun mai jifa, kuma ƙungiyar Mudir tana da wani siririn mai jifa da hagu da muka sa wa suna Bahago, don sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshenmu.

Mu uku muka kamu: ni, da Idrisa mai dafa abinci, mutumin Cadi, da Usta Babikir, makanike, Bahaushen Sudan. Babikir bai taɓa riƙe kulkin nan ba a rayuwarsa, amma cikin wata biyu ya zama shehin wasan. Idrisa yana son wani ƙaton mai jifa na wata ƙungiya, saboda ƙarfi.

"Ya zol, kalam fadi kake yi," in ji Babikir da Larabcin Sudan, wato kai mutumin nan, zancen banza kake yi. "Naka jifan mai korar kare yake yi. Bahago kuwa ƙwallonsa tana zuwa kai tsaye, sai ta iso gabanka ta tuna ta yi mantuwa a ƙasa."

"Usta, kai da ko mangwaro ba ka iya jifa ba?" in ji Idrisa.

"Ba sai na iya ba. Ni da ido nake aiki."

Haka muke yi a garejin sansani tun Asabar har Laraba, ana kwance inji ana musu a kan mutanen da ba su san an halicce mu ba.

To a lokacin aikin bututun ya kusa ƙarewa. Duk baƙon ma'aikaci yana zaune ne a ƙarƙashin kafil, wato wanda ya tsaya masa, kuma kamfanin ne kafil ɗin Babikir. Ya sami wani mai gareji a unguwar Sultana da ya yarda ya karɓe shi, amma sai Mudir ya sa hannu a takardar saki. Idan iƙamarsa, takardar zamansa, ta ƙare ba a sa hannun ba, sai fita ba dawowa, shi da matarsa da 'ya'ya biyar da aka haifa a nan, waɗanda ba su san Sudan ba sai a bakin ubansu. Saura kwana goma sha huɗu. Takardar tana cikin jakata, Mudir ya ce Asabar zai sa hannu.

Ranar Alhamis ɗin Bahago ya tashi da wani irin hannu. Zagaye na ɗaya, na biyu, na biyar, ba wanda ya samu ya doki ƙwallonsa dukan da zai kai shi ko tashar farko. Na lura ɗakin yana ta yin shiru. Injiniyoyin da suka saba ihu sun daina ko tari. Wani ya ɗauki kofi ya fasa sha, ya mayar daidai inda ya ɗauka. Ashe a al'adar wasan, idan mai jifa ya kama hanyar gama zagaye tara ba a doke shi ba, abin da wani kan yi sau ɗaya a rayuwa, ba a faɗa. Ba a nuna an lura. Wanda ya furta, shi ya karya. Ba wanda ya taɓa gaya mana, don a wurinsu kowa da shi aka haife shi.

Zagaye na tara, saura mutum biyu. Babikir ya ga kowa ya yi shiru, ya ɗauka ba su gane abin da ke faruwa ba ne. Ya miƙe tsaye, don ya taimaka musu, ya faɗa da Larabci dalla-dalla yadda ba wanda zai kasa fahimta:

"Ya jama'a, kun lura kuwa? Tun farkon wasan ba wanda ya taɓa ƙwallon yaron nan! Saura biyu ya gama!"

Bai koma kan kujera ba muka ji ƙwas. Ƙwallo ta tashi ta wuce katanga ta faɗa cikin 'yan kallo. Mudir ya tashi a hankali, ya kashe bidiyon, ya fita bai kalli kowa ba.

Ranar Asabar na shiga ofishinsa da takardar. Ya tura ta gefe da bayan biro, ya ce da gurgun Larabcinsa, "Babikir kalam kasir. Mafi tauƙi." Wato Babikir ya cika surutu, ba sa hannu.

Na ɗauko ambulan ɗin da kaset ya zo a ciki na nuna masa hatimin gidan waya. Na ce, "Ya Mudir, an buga wasan nan sati uku da suka wuce. Lokacin da aka doki ƙwallon, Babikir yana ƙarƙashin mota."

"Na sani."

"To?"

"Amma da bai yi magana ba..."

A nan na yi wautata. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko in kawo ma'aunin iskar taya mu auna?" Kunnuwansa suka yi ja. Ya nuna mini ƙofa. Na fito na san na ƙara wa Babikir nauyi don kawai in huce haushin laccar nan, kuma na ji kunyar kaina.

Idrisa ya kawo shawara a yi yadda ake yi a nan idan ido ya kama mutum, a ɗauraye kofin shayin Babikir a yayyafa wa bidiyon ruwan. Na ce idan injin ya ƙone duk mu uku za mu ga Sudan. Ranar Litinin Babikir ya sa jallabiyarsa ta Idi da rawani, ya je ya ba da haƙuri a kan laifin da ya rantse mini bai gane ba. Mudir ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya yanke hukunci: Alhamis mai zuwa Babikir zai zauna a gaba, ba zai ce uffan ba, idan Bahago ya ci za a sa hannu. Wannan shi ne mutumin da ya yi digiri biyu. Ya rataye zaman mutum bakwai a kan wasan da aka riga aka gama aka share filin.

Ranar Laraba na karɓo saƙo a gidan waya, sai na ji ya fi nauyi. Kaset biyu ne, kowanne da jaridarsa. Na tsayar da mota a titin Sultana gaban wani mai lemo, na daɗe ina kallon ƙunshin. Ban taɓa buɗe abin wani ba, kuma mu'aƙƙib ba shi da jari sai wannan. Amma na tuna 'yar autar Babikir da ke kira na Ammi Hamza, wato Baffa Hamza, na warware ƙunshin. Rubutunsu ba na iya karantawa, hoto kuwa ba ya bukatar malami. A jarida ɗaya Bahago ya dafa gwiwoyi, hula ta rufe fuska. A ɗayar abokansa sun rungume shi. Na cusa na farkon ƙarƙashin kujerar mota, na kai na biyun.

Ranar Alhamis Babikir ya zauna a layin gaba ya cusa jelar rawaninsa a baki. Kusan awa uku yana cizonta. Idrisa, ɗan neman fitina, ya riƙa raɗa masa daga baya, "Usta, wallahi yau jifan korar kare yake yi." Jijiyoyin wuyan Babikir suka tashi, gumi yana zuba, bai tanka ba. Ni kaɗai a ɗakin na san ƙarshen, kuma ni na fi kowa tsoro, kada a ce hoton wani wasan ne. Bahago ya ci. Mudir ya miƙo hannu ba tare da ya juyo ba, na ba shi takardar, ya ɗora ta kan bidiyon ya sa hannu.

Babikir ya yi shekara talatin a garejin Sultana. Har ya rasu, Allah ya jiƙansa, yana gaya wa masu kawo gyara cewa akwai wani mai jifa a Japan da shirunsa ya ceta, kuma ko godiya bai aiko ba.

Ranar da Mudir zai tafi ni na kai shi filin jirgi. Da na sauke masa jakunkuna ya riƙe hannuna ya ce, "Hamza, matata tana rubuta lamba a gefen kowane kaset, da rubutunmu. Mun kalli na sha shida, sai muka kalli na sha takwas." Ya gyara tabarau, ya ce, "Gidan waya mushkila kasir," wato gidan waya ya cika matsala, ya juya ya shige.

Tun daga ranar na daina shiga ofishin babba da hujja a gaba. Yawancin masu riƙe biro sun san ba su da gaskiya tun kafin ka shigo, abin da suke jira a wurinka shi ne hanyar sauka ba tare da an gani ba, kuma nemo ta shi ne aikinmu. Na sha bakwai yana nan a ƙasan akwatina. Ban taɓa kallonsa ba, ban kuma taɓa gaya wa Babikir ba.