Tsagar da ke ƙotar shebur ɗin Yaya Sale

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Malam Sale, tsohon shugaban ƙungiyar masu lodin yashi a Birnin Kudu. Ranar da na fi tuna shi da ita wata Laraba ce, ƙarfe goma na safe, a zaman kwamitin da zai yanke shawara kan yashin wani rafi kusa da Kangire. Akwai jami'ai da dattawa, da wani ɗan kwangila mai son shigo da motar haƙa. Ba a gayyaci leburori ba. Yaya Sale ya shiga da shebur ɗinsa, ina biye da shi.

Kowane ɗan ƙungiyarsa yana da tsaga a ƙotar shebur. Da zurfin rami ya kai tsagar, sai a bar shi a matsa gaba, domin yashin ƙasa shi ke riƙe ruwan da rijiyoyin masu lambu ke ja har ƙarshen rani.

Ɗan kwangilar ya yi dariya. "Malam Sale, nan taron masu biro ne, ba na masu shebur ba."

"Haka ne, Alhaji," in ji shi. "To cikin masu biron, wa ya taɓa jin sanyin yashin nan a tafin ƙafarsa? Ku tambaye mu tukuna, sannan ku sa hannu."

Ya san abin da zai biyo baya. Ɗan kwangilar ya riga ya yi wa 'yan ƙungiyar alkawarin aikin shekara guda. Da aka saurari Yaya Sale, kwamiti ya tsayar da iyakar haƙa daidai tsagar, ɗan kwangila ya tafi da motarsa da aikinsa, 'yan ƙungiya kuma suka kayar da Yaya Sale a zaɓe na gaba. Ya koma lodi kamar kowa, bai yi ƙorafi ba har ya rasu.

Yanzu taron muhalli ya yawaita, ana ma kiran ma'aikata, sai dai galibi bayan an gama magana, lokacin ɗaukar hoto. Kwanan baya na wuce wasu ramukan yashi a hanyar Gwaram da zurfinsu ya fi tsawon mutum. Na san tambayar da zai yi: an tambayi masu shebur?

Allah ya jiƙansa. Rijiyoyin lambunan nan ba su ƙafe ba bana ma. Wanda ya kayar da shi a zaɓen, shi ke yanka wa sababbin shiga tsagar da wuƙarsa.