Koriyar Motar da Ta Tsaya a Sama

Jiya da hantsi ina guga a tsakar gida sai na ji wata ƙara daga wayar da ɗan ƙanwata yake riƙe da ita, ƙara siririya mai hawa sama kamar kukan sauro a bakin kunne, da ɗan kiɗa a bayanta. Ban ga komai ba tukuna, amma gabana ya riga ya faɗi. Na leƙa ta kafaɗarsa, sai ga su nan, motocin nan marasa taya suna tsere a sararin samaniya. Daidai nan uwarsa ta ƙwala masa kira ya je sayen gishiri, ya danna ya tsayar da katun ɗin. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba: "Kai! Wa ya ce ka tsayar? Bar su su ƙarasa!" Yaro ya saki baki yana kallona kamar na zare. Ba laifinsa ba ne. Ku bari in gaya muku inda abin ya samo asali.

A Tudun Wadan Gombe na tashi, a gidan haya mai ɗakuna a jere da rijiya ɗaya. Mu ne da ɗakuna biyu na ƙarshe: Baba da Umma a ɗaya, ni da Kaka, mahaifiyar Baba, a ɗayan. Baba direba ne, yana jan wata koriyar bas daga Gombe zuwa Maiduguri ta hanyar Biu. Kullum hannunsa ƙanshin baƙin mai yake yi da lemon ɓawo, don ba ya dawowa ba tare da ya riƙo mini lemo ba.

A ɗakin farko kuma akwai wata malamar firamare, Batangaliya daga kudancin Gombe, da muke kira Malama. Ita kaɗai ce mai talabijin da na'urar faifai a gidan. Ranar Asabar bayan azahar, in akwai wuta, sai ta ɗaga labule ta ce, "Ku wanke ƙafa ku shigo." Mu cika ledar ɗakinta, yaran gida da na maƙwabta, ta sa mana faifan katun ɗin nan da ta sayo a babbar kasuwa. Turancin ya fi ƙarfinmu, amma tsere ba ya bukatar tafinta. Motoci ne masu tashi da wuta a gindinsu, suna bin tituna da aka shimfiɗa a tsakanin taurari, yau a wannan duniyar, gobe a waccan. Wani direban ido uku gare shi, wani duk jikinsa ƙarfe. Akwai kuma wani mai gashin baki, mai koriyar mota, wanda ba ya cuta, in abokin tsere ya faɗi sai ya tsaya ya ɗaga shi.

Kun san wasan yara na kama mota. In muna zaune a bakin titi mota ta wuce, wanda ya riga cewa "tawa ce" shi ke da ita. Haka muka yi da katun ɗin, kuma dokarmu ita ce in ka kama ka kama, babu canji ko da motarka ce ta ƙarshe kullum. Kowa ya ce "tawa ce". Ni kuwa da shegen baki na miƙe na nuna koriyar na ce, "Wannan motar Babana ce!" Sunan ya bi ta. Har Malama in ta leƙo daga wajen girki sai ta ce, "Yau motar babanki ta nawa ta zo?"

Kaka ba ta taɓa taka ɗakin nan don kallo ba. Mace ce doguwa, mai kaifin harshe, ba ta dariya sai da dalili. "'Yan tsana ne masu motsi," in ji ta, "ku zauna su shanye muku ido." Ni take kira ƙawarta, amma wannan bai hana ta zungure ni da maficinta ba.

Shekarun nan ne hanyar gabas ta lalace. Mutanen Barno suka riƙa shigowa unguwarmu da ƙullin kaya a ka, wasu ko takalmi babu. A can ɓangaren an yanke layin waya, mutum in ya wuce wani wuri sai dai Allah. Umma ta yi roƙon duniya Baba ya koma hanyar Bauchi, ya ce mutanen da yake ɗauka shekara da shekaru wa zai bar wa su? Manya suna rage murya in mun shigo, mu kuma mun iya kasa kunne.

Wata Asabar cikin damina Baba ya yi lodi ya tafi, da alkawarin gobe yana hanya. Da rana hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska tana kaɗa kwanon rufi, mu muna ɗakin Malama. Tseren ranar a wata duniya ake yi mai jan ƙasa, titin ya karye a tsakiya, a ƙasa kuma wuta ce take tafasa kamar kunu a tukunya. Kowace mota sai ta yi tsalle ta haye. Mai ido uku ya zo ya bangaji koriyar motar daf da bakin ramin. Ta tashi a karkace, hancinta ya soma kallon ƙasa, mai gashin baki ya ware ido, ƙarar nan ta hau sama, ta hau sama.

Ɗif. Aka ɗauke wuta.

Yara suka yi ihu, aka watse da gudu don ruwa ya sauko. Malama ta danna maɓallin fito da faifai, ko motsi. "Sai an kawo wuta," ta ce, "yana ciki." Daga baya muka ji iska ta kayar da falwaya a bakin layi, taransifomar unguwa kuma ta ƙone.

Washegari Baba bai dawo ba. Jibi ma haka.

Ku da kuke manya za ku ce mene ne haɗin wannan da wancan. Ni ma yanzu na sani. Amma a lokacin lissafin a fili yake a wurina, babu ko tantama: ni na ce motar Babana ce, an kuma ce babu canji, ga ta can a rataye a kan wuta cikin baƙin akwatin Malama. Muddin ba a kunna ta sauka ba, Baba ba zai sauka ba. In kuma aka kunna ta faɗa ramin fa? Tsoro biyu suka saka ni a tsakiya. Ina son wuta ta dawo, ina tsoron ta dawo.

Nakan faki idon mutane in shiga ɗakin Malama in kara kunnena a jikin na'urar. Sanyi ƙalau, shiru. Wata rana ta same ni ina ƙoƙarin ɓamɓare bakin da cokali, ta karɓe a hankali ba ta yi faɗa ba. "Muna sa babanki a addu'a a coci," ta ce. Na kasa gaya mata ba addu'a kaɗai nake nema ba, janareto nake nema.

Umma kullum tana tasha. Direbobin da suka saba tsokanata suka koma sunkuyar da kai. Wani ya ce ya ga bas ɗin ta wuce Biu lafiya. Wani ya ce akwai motoci a ƙone a gefen hanya, ba a gane launinsu. Mata suka fara shigowa gidanmu suna zama shiru, irin zaman da ba gaisuwa ba ne, ba kuma ziyara ba. Kaka ce kaɗai ba ta girgiza ba. "A tuƙa tuwo da shi," take cewa kullum, a zuba nasa a langarsa a rufe. Da safe mu ɗumama mu ci, ni dai ba na iya cinsa.

Da na daina cin abinci jikina ya yi zafi, Umma ta ce zazzaɓin sauro ne. Kaka ta dube ni ta ce ba shi ba ne. Tana tsince wake a faifai a bakin ƙofa ta jawo ni ta zaunar. "Ƙawata, me kika haɗiye? Amayo shi." Na fashe da kuka na gaya mata komai, ina jiran mafici a ka.

Ta ajiye waken, ta yafa mayafinta, ta nufi ɗakin Malama ta yi sallama. Ban ji abin da suka ce ba. Sai ga ta ta fito da na'urar a naɗe cikin zane, ta yi gammo ta ɗora a ka kamar ƙwaryar nono, wayoyin suna reto a bayanta. "Wuce mu je," ta ce.

Akwai wani mai aski a bakin babban titi da yake da janareto da talabijin don 'yan ƙwallo. Muka ratsa taɓo da kwatoci har can, mutane suna kallonmu. Tsohuwa a shagon aski! Samarin da ke kan benci suka miƙe suna gaishe ta, suna ƙunshe dariya.

"Yaro," ta ce da mai askin, "akwai mota a cikin nan da ba ta gama tafiyarta ba. Kunna mana."

Ya jona wayoyi. Faifan ya koma farko, dole muka bi tseren tun daga tashi. Warin fetur da hayaƙin janareto suka cika mini hanci. Kaka ta zauna a bakin benci, carbi a hannu, ta ce in nuna mata wacce ce. Na nuna. Jan ƙasa ta bayyana, ga karyayyen titi, ga wutar. Na riƙe gefen zanenta da hannu biyu. Mai ido uku ya bangaje ta. Ta tashi a karkace, hancinta ya kalli ƙasa, ƙarar ta hau sama.

Sai hoton ya tsaya cak, kiɗa ya tashi, rubutu ya fara hawa.

"Ai nan ya ƙare, Hajiya," in ji mai aski. "Ci gaban yana wani faifan. Ban taɓa ganinsa a kasuwa ba."

Na ɗaga kai don Kaka ta ce mini shirme ne, 'yan tsana ne, tashi mu tafi. Abin da nake bukata ke nan. Amma carbin ya tsaya a hannunta, ta dubi mai askin ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba, "To ya sauka, ko bai sauka ba?"

Babu wanda ya yi dariya a shagon. Ni kuwa a duk kwanakin nan ban ji tsoro irin na wannan lokacin ba. Ashe ita ma ba ta sani ba. Ashe tuwon da ake rufewa a langa ba sani ba ne, ƙarfin hali ne. Matar da nake jingina da ita ta ɗauko akwati a ka ta keta unguwa, ba don ni kaɗai ba.

A hanyar dawowa yayyafi ya fara. Mun kusa gida ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ni na gani. Ya sauka. Idonki ne bai kai ba." Na san ba ta ga komai ba. Amma na riƙe maganar nan da hannu bibbiyu, don ba ni da wata.

Wuta ta riga Baba dawowa. Unguwa ta ɗauki ihun yara, Malama ta ɗaga labule, ni ban je ba. Shi kuwa sai wata rana da la'asar, babur ya sauke shi a ƙofar gida. Wata motar kaya ce ta rage masa hanya zuwa garin Kwadon, kusa da Gombe. Babu hula, ƙafafunsa sun kumbura sun tsattsage, babu bas. Umma ta zube a ƙasa. Kaka ta shafa fuskarsa kamar mai tabbatarwa, sannan ta juya ta ce a kawo masa langarsa. Bai taɓa ba mu labarin abin da ya faru a hanyar ba, bai kuma sake riƙe sitiyari ba. Baƙin mai yake sayarwa a gefen kasuwa har ƙarfinsa ya ƙare.

Kaka ta rasu da daɗewa. Malama ta yi ritaya ta koma garinsu. Yanzu ba a jiran Asabar, ba a jiran wuta, yaro yana kwance zai kalli abin da tsohuwa ta keta taɓo tana nema. Da ɗan ƙanwata ya dawo daga aiken na kwatanta masa jan ƙasa da karyayyen titi, kafin in rufe baki ya nemo, da ci gaban da komai. Na kasa kallo ni kaɗai. Na ɗauki wayar na fita zaure inda Baba yake kishingiɗe, na ba shi labarin da bai taɓa ji ba. Ya yi murmushi ya ce, "Kunna mu gani."

Motar ta tashi a karkace. Hancinta ya kalli wuta. Sai wasu fukafukai suka fito mata ta gefe, ta daki bakin titi, ta yi tangal-tangal, ta miƙe.

"Ya sauka, Baba," na ce, hawaye suna zubo mini. "Kaka ta yi gaskiya."

Ya matso da wayar kusa da idonsa, ya daɗe yana duba cikin motar.

"Shi kaɗai ne a ciki?"

Na ce eh.

Ya miƙo mini wayar, ya mai da kansa jikin bango. "To ai da sauƙi," ya ce.