Yadda Dikko Ya Koyi Buɗe Hannu

Dikko mutumin Ƙaura Namoda ne, kuma kafin ya zo Doha ya yi shekara goma sha ɗaya yana dambe. Ƙa'idar dambe sananniya ce: hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka. To, ba a taɓa kashe Dikko ba. Ba sai ka tambaya ba ma, da kansa zai gaya maka, sau biyu in ka zauna.

A 2005 wani kamfanin gadi ya ajiye shi a ƙofar wani gini da Sinawa suke yi a Al Mirqab. Aikin ba wuya, ka duba kati ka ɗaga shinge. Wuyar tana hannunsa na dama. Hannun nan ya saba da naɗi da duka, da an ɗaga wa Dikko murya sai ya dunƙule tun mai shi bai yanke shawara ba. Wata biyar da kama aiki ya shaƙe kwalar wani direban tifa. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya kira shi ofis, ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Ka ƙara sau ɗaya, khalas, sai filin jirgi."

Dikko ya tsorata ƙwarai. Ga matarsa Ajaratu da 'ya'ya huɗu a gida, ga tsohuwarsa, dukkansu da wannan ƙofa suke cin abinci. Kuma ya san halin hannunsa.

Kullum da sassafe, kafin rana ta fara gasa mutane, wani dattijon Basine mai dafa wa ma'aikata abinci yakan fito bayan kicin yana motsi a hankali kamar mai tafiya cikin ruwa. Baba Liyu ake ce masa. Ya ce wa Dikko sunan abin taici, faɗan gargajiyarsu ne. Dikko ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba, wannan faɗa ne ko korar sauro?"

Tsohon bai ji haushi ba. Ya miƙo hannu ya ce, "Yalla, tura ni."

Dikko ya gyara tsayuwa irin ta fage, hagu a gaba, dama a baya, ya tattara ƙarfinsa duka ya auka. Baba Liyu ya ɗan juya ƙugu kawai. Sai ga Dikko tafin hannunsa a cikin yashi, a gaban lebura uku. Abin da 'yan damben Zamfara suka kasa, mai dafa shinkafa ya yi shi, ko ludayinsa bai ajiye ba.

Kwana biyu Dikko bai iya haɗa ido da kowa ba don kunya. A na uku ya koma wurin Baba Liyu neman koyo. Masahudu, ɗan Zangon Kumasi da suke ɗaki ɗaya, ya samu abin tsokana.

"Maigida, ɗan dambe ya koma rawar amare?"

Dikko ya share shi. Koyon ma ba daɗi. Wata guda ba abin da yake yi sai tsayuwa, gwiwa a lanƙwashe, numfashi yana sauka har ciki. Cinyoyinsa su yi ta rawa, Baba Liyu ya zo ya ƙwanƙwasa masa kafaɗa da ludayi.

"Hannunka yana gaba, kai kana baya. Ku tafi tare."

A hankali Dikko ya gano abin da bai taɓa lura da shi ba. Ashe hannun ba ya dunƙulewa haka kawai. Kafaɗa ce take fara ɗagawa, numfashi ya tsaya, sannan yatsu su rufe. Tsakanin numfashin da yatsun akwai ɗan lokaci ƙanƙani, kuma a nan mutum yake da ta cewa.

Ƙarshen 2006, ana ta gaggawar gama gine-gine saboda wasannin Asiya, kowa a wuya yake. Wani mai kawo siminti ya zo ba kati, Dikko ya ƙi ɗaga shinge. Mutumin ya sauko daga motarsa yana zagi, har ya zagi uwarsa, ya taho da hannu biyu zai hankaɗe shi. Dikko ya ji kafaɗarsa ta ɗaga, ya ji numfashi ya tsaya. Sai ya sauke numfashin, ya juya ƙugu. Mutumin ya wuce da ƙarfinsa zai ci da baki a kan ƙarfen shinge, Dikko ya tare shi da hannun dama, a buɗe.

"Sannu, ɗan'uwa. Je ka kawo kati."

Da motar ta juya, ya shiga rumfar gadi ya zauna. Murna ta cika shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya ciro waya ya kira gida.

"Ajaratu, ki daina jin tsoron ganina kwatsam da jaka. Ina nan daram."