Shekara goma sha ɗaya bayan Malam Bello, malamin ilimin halittu

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar abokina Malam Bello, wanda ya koyar da ilimin halittu a wata sakandare a nan Kaura Namoda. Ni addinin Musulunci nake koyarwa a makarantar. Teburinmu ɗaya a ɗakin malamai, amma ko harshe da haƙori suna saɓawa.

Abin da ya raba mu shi ne darasin da ke cewa halittu suna sauyawa sannu a hankali, tsara bayan tsara. Bello yakan ba ɗalibai labarin Baturen da ya yi suna da wannan ra'ayi, yadda ya yi doguwar tafiya a jirgin ruwa, aka gano tsuntsayen wasu tsibirai bakinsu ya bambanta gwargwadon abincinsu. Kafin labarin ya isa gari an ƙara masa gishiri, wai Bello ya ce biri ne kakanmu.

Wata Litinin iyaye daga Sakajiki suka cika ofishin shugaban makaranta, suna neman a kore shi. Wani dattijo ya dubi Bello ya ce, "Malam, mi kaka koya ma ɗiyanmu?"

Bello ya ce, "Baba, in za ku aje irin gero, wace zangarniya kuka zaɓa?"

"Mai cikar ido mana."

"To zaɓen nan naku, shekara da shekaru, shi ya sauya geron kakanninku, da ikon Allah."

Dattijon ya juyo gare ni, ya ce malamin addini ya raba gardama. Na ce ni na tsaya a kan cewa Allah ya halicci Annabi Adamu daga ƙasa, kuma ban yarda da abin da littafin ya faɗa kan asalin mutum ba. Amma ban taɓa jin Bello ya jingina kowa da biri ba, kuma a sahun gaba nake ganinsa kullum a masallaci. Ba a kore shi ba, ko da yake mutum biyu sun janye 'ya'yansu. Wannan ya daɗe yana cin ransa.

Yau gardamar ta koma cikin waya. Wannan ya ce wa wancan kafiri, wancan ya ce masa jahili, ba wanda ya karanta abin da yake suka. Na tabbata, da a ce Bello na nan, ba zai tanka musu ba. Sauro zai nuna mini, wanda maganin feshin da muka sani ya daina kashewa, ya ce gani ya kori ji.

Ban sauya ra'ayina ba, shi ma bai bar nasa ba har ya koma ga Ubangijinsa. Abin da ya bar mini shi ne sanin cewa ana iya musu da mutum shekara ashirin ba a taɓa imaninsa ba. Da aka kawo gawarsa, danginsa ni suka tura gaba in yi masa salla. Na ɗaga hannu na yi kabbara, babu ko ɗigon shakka a zuciyata. Allah ya jiƙan Bello.