Ƙafar Lauwali Mai Ɗinkin Buhu

A kasuwar albasa ta Illela ba wanda bai san Lauwali mai ɗinkin bakin buhu ba, amma sanin shanu. Mutumin Tozai ne, matarsa Tasalla ta rasu ba su haihu ba, ya dawo gari ya kama ɗaki. Abin da ke riƙe da ransa guda ne: ciyayyar ƙofar gidan Malam Sharafu bayan magariba, inda kowane magidanci ke fito da kwanon gidansa. Shi ba shi da kwanon fitarwa, amma hannunsa na shiga na kowa, kuma a nan ne kawai ake kiran sunansa ba don a ba shi aiki ba.

Da damina ƙuraje suka feso masa a ƙauri, suka ɗuri ruwa, suka fara fitar da mugunya. Tsoro ya kama shi, kada a ce kuturta ce a janye masa kwano. Sai ya yi irin dabarar 'yan kasuwa, ya shafe wurin da baƙin mai, ya naɗe da tsumman buhu, ya zura takalmin roba mai tsawo. An gudu ba a tsira ba. Ƙafa ta kumbura, ta fara wari. Tunda kuwa ba a hawa tabarmar mutane da takalmi, ya daina zuwa. Ya koma shan gari shi kaɗai a ɗaki, yana jiyo dariyarsu ta bayan katanga, kewa tana cinsa fiye da ciwon.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zazzaɓi ne ya kai shi asibiti, malamar jinya Na'ima ta kwance tsumman, ta riƙe baki.

"Baba, mi kas sa ma ƙahwag ga?"

"Baƙin mai, ɗiyata. Kuturta ta ko?"

Ta ce ko kusa. Cizon sauro ne ya sosa, ƙwayoyin cuta suka shiga, ga shi yana wuni cikin taɓon kasuwa. Ta ce ƙazuwa ma kan kawo haka, ciwon suga kuma kan hana irinsa warkewa, don haka sai da ta auna jininsa. Ta wanke, ta ba shi magani, ta ce takalmin nan ya huta.

Da ƙafar ta kame, ya wanke rigarsa ta Juma'a, ya shirya dogon bayanin da zai yi wa abokan ciyayyarsa, har da ban haƙuri. Bayan magariba ya isa ƙofar gidan Malam Sharafu, ya yi sallama, ya zauna a gefen tabarma.

Malam Sharafu ya ɗago kai, loma a hannu.

"A'a, Lauwali! Ina cewa shekaranjiya muna tare? Matso mana."

Ya matsa, ya sa hannu. Tuwon da zafinsa, miyar ta ji daddawa, amma bayanin da ya shirya ba wanda ya nema, don ba wanda ya lura ya daɗe bai zo ba.